Makunnin Ƙofa

Asabar ce a Coventry.
Yayyafin nan da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.
Na shimfiɗa kwali a bakin titi, na durƙusa,
gwiwata ta yi ƙara kafin ƙofar ta yi tata.

Motar Murja ce, hannu na uku,
fam dubu da ɗari biyu, guminta na fari.
Komai nata lafiya, in ji mai sayarwa,
sai dai in ka buɗe ƙofa
duhu ne ke yi maka sannu da zuwa.

Ita kuwa aikin dare take a asibiti.
Ƙarfe huɗu take fitowa, ido ya yi nauyi,
ta lalubi ramin mabuɗi da yatsa,
sau biyu tana zama a kan tabaranta.
Ba ita ta gaya mini ba. Uwarta ce.
Wata uku ke nan ni da Murja
ba mu wuce ina kwana da lafiya lau ba.

Na fara cire kan batir, baƙin,
yadda Ilu mai gyaran waya ya koya mini a Ƙofar Ruwa
da ranƙwashi, shekara talatin baya:
yaro, wuta ba ta san ɗan gida ba.

Ga shi nan a jikin ginshiƙin ƙofa,
ɗan abu, bai kai ƙwallon dabino ba,
da hular roba duk ta tsage.
Kusa ɗaya ke riƙe da shi, ita ma tsatsa ta aure ta.
Na ɗiga mai, na jira, na lallaɓa.
Gishirin da suke watsa wa titi a ƙasar nan
ba ya barin ƙarfe ya tsufa da mutuncinsa.

Na zaro shi sannu,
na kame wayar da fegin shanya,
don in ta suɓuce cikin ramin nan
ta zama allura cikin ruwa.

Mista Pritchard ya leƙo ta kan shinge da kofin shayi,
ya ce gareji za su gama wannan a minti goma.
Na ce masa na sani.

Na goge gurbin da samfefa har ƙarfe ya yi fari,
ta jikin mota wutar ke komawa gida.
Sabon, fam huɗu da 'yan kai,
na soka masa waya, na ɗaure kusa,
na mayar da kan batir,
na danna da babban yatsa, na saki.
Na sake dannawa.

Ashe haka yake aiki.
Muddin ƙofa na danne da shi, shiru, duhu.
Sai an sake shi yake kawo haske.

Na daɗe a durƙushe.
Ni da na zaɓa mata karatu, na zaɓa mata gari,
na ce aikin dare ba na 'yata ba ne.
Ruwa ya bi wuyan rigata ya gangara, ban motsa ba.

Ɗan ƙwan da ke rufi ya zubo rawaya
a kan kujera, a kan takalman asibiti,
rabin biskit, tikitin fakin guda shida,
da carbina, wanda na birkice gida ina nema,
rataye a madubi.

Na rufe. Ya mutu. Na buɗe. Ya kama.
Na mayar da mabuɗi kan ƙusarsa, ban ce uffan ba.

Huɗu da minti goma na dare, waya ta girgiza:
Baba, wa ya taɓa mini mota?

Na rubuta, Allah ya yi miki albarka. Na goge.
Na rubuta, ki riƙa rufe ƙofar da kyau,
kada ya cinye miki batir.