Taku Ɗaya Baya

A tsohon sito na kamfanin kuza a Bukuru,
inda warin baƙin mai bai gama barin bango ba,
Baba Chollom yana goge faifan garmaho da hannun riga.
Asabar ce, sanyi ya fara cizon kunne.

Ya ce, Lantana, fara da komawa baya.
Na ce, wace irin rawa ce ake buɗe ta da gudu?
Ya yi dariya, haƙoransa uku suka leƙo:
ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A Harlem aka yi mata wankan jego, in ji shi,
unguwar baƙar fata can Amurka,
jikokin waɗanda aka loda a jirgin ruwa da mari a ƙafa.
An raba su da ganga, an raba su da harshe,
gwiwa kuwa ta ƙi rabuwa.
Shi ya sa ake yin ta a sunkuye
kamar mai shiga gonar acca da lauje.
Ta tafi ba takalmi,
ta dawo mana da ƙaho da kwat da man gashi.

Shi kuma wani makaniki ɗan Saliyo ya koya masa,
a bayan injin haƙa, a bakin ladan wankin babur.

Ƙidaya takwas ce.
Ya kama yatsuna huɗu, bai matse ba,
ya wurga ni kamar dutsen majajjawa,
na tafi, zanena ya buɗe,
har hannu ya miƙe ya zama igiyar guga
ya jawo ni gida.
A can ƙarshen igiyar akwai bugu biyu
da ba na kowa ba.
Ya ce, nan ƙafarki taki ce, faɗi abin da ke ranki.

Na taka masa yatsa sau bakwai.

A garin da aka taɓa tambayar sunanka
kafin a bar ka ka tsallaka titi,
ga hannuna a hannun tsoho,
ba wanda ya tambayi kowa komai.

Da allura ta kai ƙarshen faifai
tana shuu, shuu, kamar ruwan Agusta a kan kwano,
na zauna ina haki.
Shi bai tsaya ba.
Ya miƙa hannun hagu cikin iska,
ya saki Kaneng, shekara tara da binne ta,
ya jira bugu biyu,
ya jawo.