Kwandon da Aka Mayar Sau Biyu

Ƙarfe biyun dare a Unguwar Rogo,
sanyin Jos ya ratsa bargo ya tare a yatsuna.
Janaretan maƙwabci ya yi tari, ya yi shiru.
Saura kashi goma sha ɗaya a batir,
manhajar kuma ta sake kifewa.

Ba wajen tambaya take faɗuwa ba.
Ce mata: kwandon tumatir nawa
Alhaji Ɗanliti ya sauke a Farin Gada ran Laraba?
Sai ta ruga rumbun bayanai,
ta dawo da amsa layi-layi, ko sisi bai ɓata ba.
Sai an zo sallama,
an zo mayar da gurbin da aka ara a ƙwaƙwalwa,
nan take zubewa kamar mai farfaɗiya,
ta bar ni da jerin lambobi marasa gaisuwa.

Takan yi kwana uku lafiya lau.
Ranar da na kai ta gaban 'yan ƙungiya,
suna zaune kan buhunan karas sun zuba ido,
ranar ta zaɓa.
Ɗanliti ya shafa aljihu ya ce,
"Yaro, littafina bai taɓa suma ba."

Na zargi Gyang, da ya bar mu ya tafi Abuja.
Na zargi kwamfutar, 'yar gwanjo ce daga Taminus.
Na zargi wuta. Na zargi baki.
Inna Lantana ta ce a yi sadakar waina.

Yau dai na bi ta a hankali,
kamar mai bin sawun akuya bayan ruwa ya ɗauke.
Kowace ƙofa na sa ta faɗi abin da ta yi:
na shiga,
na ɗauka,
na mayar,
na mayar.

Na goge ido, na sake dubawa.
Sau biyu.

Ai ko ɗan dako ya san wannan.
Ka ari kwando, ka juye kayanka, ka miƙa wa mai shi,
shi kuma ya ba wani, an cika shi da kabeji.
Da la'asar ka dawo ka fizge shi a hannun mutum
wai amana za ka mayar.
In ka tarar da shi ba kowa, ka sha.
In ka tarar da mai shi, kasuwa ta watse.

Na nemi wanda ya rubuta layi na ɗari huɗu da tara.
Bakina cike da sunan Gyang.
Sunana na gani, da kwanan watan bara waccan,
har da ɗan bayani a gefe, cikin ladabi:
"don kada a manta."

Tsoron cin bashi ya sa na biya sau biyu,
na biyun da kuɗin wani.

Layi ɗaya na share.
Manunin da ke nuna tsohon gurbi
na sauke masa yatsa, na ce nuna babu.
Na tambaye ta sau dubu, ta amsa sau dubu,
ta yi sallama sau dubu tana tsaye.

Kashi uku ya rage.
Can titi, motocin Mangu sun fara shigowa da dankali.
Ban yarda da ita ba tukuna.
Gyang kuwa, zan kira shi in gari ya waye,
in tambaye shi zafin Abuja,
ba sai na faɗa masa dalili ba.