Bangon Masu Jiran Jirgi

A Sawakin aikina ƙirga duwatsu ne.
Ƙungiya ta ba ni alli, da littafi mai shuɗin bango,
da albashin da ba ya ganin ƙarshen wata.
Duk dutsen da ya faɗo in sa masa lamba,
don ran da za a mayar da shi
kada ya kwana a gurbin wani.

Dutsen nan murjani ne, teku ta haife shi.
Ka ɗaga, ba nauyi, duk ramuka kamar saƙar zuma,
ka sa harshe, gishiri.
Usta Ohaj, mai sauran haƙora huɗu,
ya ce siminti a jikinsa rigar leda ce a watan zafi:
bango ya yi gumi a ciki, ya ruɓe yana tsaye.
Sai dai farar ƙasa, wadda ta kwana arba'in a rami.
Shi ya sa muke tafiyar hawainiya.
Masu ba da kuɗi sun zo sau biyu, sun ɗauki hoton maguna,
sun tambayi yaushe za mu gama.
Usta ya zuba musu gahawa mai citta, bai ce uffan ba.

Ranar Talata, a tsohon masauki na bayan kwastan,
muna ɓamɓare yaɓen da ya kumbura,
sai wani ɓawo ya faɗo, faɗin faifai.
Ƙarƙashinsa zane-zane, biyar-biyar,
kamar lissafin mai bin bashin goro,
da rubutun da aka karta da ƙusa.

Injiniya Tamadur ta gyara tabarau.
Ta ce baƙaƙen na Larabci ne, amma maganar baƙuwa ce.
Ta karanta a fili, harshenta na tuntuɓe,
ni kuwa alli ya suɓuce mini.

"Ni Tanimu, mutumin Katagum.
Kwana ɗari da tara, jirgi bai zo ba.
Guzuri ya ƙare, ina ɗinkin takalma.
Wanda ya koma gida ya gaya wa Tasalla
na ga ruwan da ba a hango gaɓarsa."

Ni da aka haifa nan, Hausata ta tsakar gida ce,
ta kiran cin tuwo da faɗan kaka,
in zan fita in ninke ta in sa a aljihu.
Kakata ma ƙafa ce ta kawo ta, shekara uku a hanya.
Ta tsinci auduga a Jazira, ta soya ƙosai a Kasala,
ta iso bakin ruwan nan kuɗin jirgi bai cika ba,
ta zauna. Ga ni.
Ban taɓa sanin bango ya iya maganarmu ba.

Aka yi ta gardama har la'asar.
Usta ya ce bangon da aka bari tsirara
gishiri zai lashe shi, har da rubutun.
Tamadur ta ce in muka yaɓe, mun sake binne mutumin.
Kuɗin gilashi babu shi a takarda,
sai ta yanko daga na fentin ƙofa,
ƙofa ta zauna da tsohuwar fuskarta.

Ban sani ba ko Tanimu ya haye.
Zanen ya tsaya a ɗari da tara:
ko jirgi ne ya zo, ko zazzaɓi.
Ban sani ba ko saƙon ya isa Katagum.

Da yamma, bayan kowa ya watse,
na buɗe littafi in ba dutsen lamba.
Dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya.
Na rubuta, na duba, na ga bai isa ba.
A gefe na sa sunansa,
na ƙara da na Tasalla,
sannan na kama baro, don akwai sauran tsibi a bakin zaure,
kuma farar ƙasar Usta gobe take cika arba'in.