Sittin da Takwas

A Ikeja na saye ta, hannun Chidubem,
cikin 'yar leda mai ƙyalli irin ta maganin mura.
Faɗinta bai kai faratan yatsu biyu ba.
Ya ce, "Ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta kai rahoto."
Na rage ɗari biyar, ya rantse asara ya yi,
na cusa ta a jaka, na bi danfo zuwa Agege.

Waya huɗu take so, ba ta da kwaɗayi:
ja ta ci, baƙa ta taka ƙasa,
ɗaya ta zance, ɗaya ta riƙe mata lokaci.
Dalma ta narke, hayaƙi ya cika min ido,
na ƙona babban yatsa a ƙafa ta uku.

Na yi sallama a ƙofarta.
Shiru.
Na bi layin gida-gida, daga ɗaya har ɗari da ashirin da bakwai,
kamar mai cigiyar ɗan'uwa a Idumota ba lambar waya.
Ba wanda ya leƙo.
Sai wajen sha ɗayan dare na gane
na sa wayar zance a gurbin ta lokaci.
Na juya su.
Gida mai lamba sittin da takwas ya ce, "Na'am."

Amsawa daban, farkawa daban.
Da barcinta take zuwa daga masana'anta,
sai an rubuta mata sifili a wani lungu take buɗe ido.
Na rubuta. Lambobi suka ɓalle
kamar fasinjan Oshodi sun hango mota ba kowa.

Takardarta ta ce a aza ta inda ba motsi
don ta koyi mece ce tsayuwa.
Wanda ya rubuta bai taɓa kwana a Legas ba.
Janaretan maƙwabci na kaɗa ƙafar tebur,
injin markaɗen Iya Kafaya na riga ladan tashi,
jirgin ƙasa kuwa in ya ratsa unguwa
har cokali sai ya yi magana a cikin kofi.
Ƙarfe uku da kwata na dare
na samu shiru na daƙiƙa goma sha biyu.
Na ce mata, "Riƙe wannan, shi ne sifilinki."

Don Baba na saye ta.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗinkin hula,
yanzu hannun damansa na rawa a kan cinya
kamar yana ƙirga kuɗin da ba a biya shi ba.
Likita a Idi-Araba ta tambaya:
"Sau nawa a yini? Yaushe ta fi tsanani?"
Baba ya ce, "Kaɗan ce."
Ni na sunkuyar da kai.

Da madaurin tsohon agogonsa na ɗaura masa.
Ya ce, "Hansatu, yau kuma hannu aka sa wa ɗan sanda?"
Layi ya hau allo,
sama, ƙasa, sama, ƙasa, sau biyar duk daƙiƙa,
haƙoran zarto.
Ya daɗe yana kallo.
Can ya ce in miƙo masa hular
da ya bari rabi tun azumin bara.

Ya kama allura.
Zarto ya dushe.
Layin ya kwanta, ba gaba ɗaya ba,
kamar ruwan Makoko kafin kwalekwalen farko ya wuce.
Na zaci wata waya ce ta cire.
Na taɓa ja, na taɓa baƙa, kowa na wurinsa.
Duk jan zare, tudu ɗaya a allo.
Na ƙirga bakwai, zaren ya zame,
ya ajiye hular, rawar ta koma mazauninta.

Na adana lambobin da sunan ranar, Talata.
"Me ta ce?" in ji shi.
Na ce, "Ta ce ka yi bakwai."
Ya lashi bakin zaren, yana neman kafar allura.
"Ƙarya take. Tara na yi.
Je ki sake duba wayoyinki."