Tattaɓa-kunnen Jijiya

Ƙarfe biyun dare a Cebu,
rana tsaka a Ohio.
Hawa na tara, na'urar sanyi na cizon ƙeya,
kofina ya huce, rahoton likita bai huce ba.

Ban san fuskar dattijon ba.
Shekara saba'in da ɗaya, ciwon sukari,
yatsun ƙafar hagu sun soma baƙi.
Likita ya huda gindin cinyar dama,
ya zura 'yar mesa mai kaurin tsinken tsintsiya,
ta haura har uwar jijiya,
ta sha kwana a mararraba,
ta gangara ƙafar hagu.
Ni ko ina bin sawunta da biro a kan taswira.

Jijiyoyi dangi ne, in ji Madam Consolacion
ranar da ta karɓe mu aiki:
reshen fari ɗa,
na biyu jika,
na uku tattaɓa-kunne.
Ba a lissafa zangon da aka wuce,
gidan ƙarshe da aka shiga shi ke cin lamba.

36246 in ta tsaya wajen jika,
36247 in ta gaida tattaɓa-kunne.
Tsakanin shidan nan da bakwai
akwai daloli,
akwai mai binciken inshora da jan alƙalami,
akwai sunana a ƙasan takarda.

Likitan ya rubuta: "aka ci gaba ƙasa."
Ƙasa ina, likita?
Ka shiga ɗaki ne, ko daga bakin ƙofa ka yi sallama?
Zuciyata ta ce ya shiga.
Amma a nan abin da ba a rubuta ba, ba a yi ba.
Na tura tambaya, na buɗe fayil na arba'in da uku.

Mahaifina, Eleuterio, masunci ne a da.
Tasa ƙafar ba ta ga mesa ba.
Mun tambayi kuɗin, muka dubi juna,
aka yanke ta daga saman gwiwa.
Wannan aikin ma yana da lamba.
Na haddace ta. Ba na faɗa.

Da asuba jifni ya sauke ni a Mandaue,
ƙamshin soyayyen busasshen kifi ya riga ni shiga lungu.
Yana barci, bargo ya zame.
Ban cire takalmi ba
na ɗora yatsa biyu bayan idon sawun da ya rage,
can ƙarshen dangi, inda hanya ta ƙure,
ina jiran jini ya ƙwanƙwasa.