Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Kawu Ɗanjuma ya ji na koma jami'a,
digiri na biyu, ilimin halayyar ɗan'adam,
sai ya turo mini ɗan maƙwabcinsa mai surutai da dare.
Na ce, Kawu, ni fa ba asibiti na nufa ba.
Ya ce, to karatun me ke nan, in bai warkar da kowa ba?

Na haɗiye amsar. Na ɗauki jakar takardu
na sauka Rafin Daɗi da hantsi,
inda hukuma ta haƙa famfo wata tara da suka wuce,
ruwa garau, hannunsa ko tsatsa babu,
amma matan layin na biyan 'yan garuwa,
ko bokiti ɗaya ba su tara a nan ba.

Takardata ta ce: zaɓi daga ɗaya zuwa biyar,
yaya gamsuwarki da wannan ruwa?
Inna Tasalla ta ajiye taɓarya, ta ce, alhamdulillahi.
Na ce, wato biyar? Ta ce, alhamdulillahi.
Na ce, ko ɗaya? Ta yi dariya har da tafi:
'yar nan, godiya ai ba ta da lamba.

Gida arba'in, amsa guda.
Malamina ya ce in ninke takardar, in nemi tabarma.

Kwana goma sha ɗaya ina ɓare gyaɗa a tsakar gidanta,
na sha koko, an yi mini goron suna sau biyu,
kafin Dije, matar ɗanta, ta ce a hankali,
idonta na kan faifai:
famfon yana gaban dakalin da Baba ke zama.
Wa zai ɗage hannu yana bugun ƙarfe,
mayafi na zamewa, suruki na jan carbi a gabansa?
Injiniya ya auna zurfin ƙasa daidai,
zurfin kunya ne bai auna ba.

Na rubuta shafi ɗari da ashirin.
Hukuma ta karanta layi uku,
ta aiko da bulo ɗari biyu da magini.
Katangar ba ta kai tsawon mutum da rabi ba.

Ranar Laraba na bi ta layin da Kawu.
Ƙarfe na kuka, bokitai sun yi jere har bakin kwata,
wani yaro ya watsa masa ruwa a takalmi.
Ya tsaya, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, to shi yaron nan fa, mai surutai?
Na rubuta masa sunan likita a bayan takardar tambayoyina,
wadda har yau ba a cike ba.