Yatsa Biyu a Goshi

Shekarar da sanƙarau ya shigo Auyo
yara bakwai ya ɗauka a unguwarmu.
Ya mayar mana da Sabitu, ya riƙe kunnensa.
Inna ta buga faranti a bayansa,
kaji suka watse,
shi ko yana can yana gwigwiyar goruba.

Ni ce yayarsa, ni aka bar wa shi.
A gindin tsamiya muka ƙera yarenmu:
shafa ciki, tuwo ya sauka;
jan kunne, Baba na tafe;
yatsa biyu a goshi, saniyar Malam Ilu ta tsinke.
Kalmomin ba su kai arba'in ba,
da su muka ci shekara shida.

Aka kai shi firamare.
Malam ya kira suna, bai amsa ba.
Sati biyu ya dawo da shatin bulala,
aka ce gara ya bi awaki.

Da na gama sakandare
Kawu Barau ya ce aikin jinya,
a can ne allura take haifar kuɗi.
Na cike takarda, na rubuta ilimi na musamman.
Ya ce, malamar bebaye?
Wa zai gode miki, su da ba su da baki?

Lissafi ya kayar da ni, na sake zama.
Buhun riɗin Inna ya tafi kasuwar Gujungu
ya dawo rasit.
Shekara uku a kwaleji
ina lanƙwasa yatsu har su yi tsami,
ina huda takarda da tsinke
don makaho ya karanta da fatar hannunsa.
A can na ji ashe kunne ma ana auna shi,
ashe wani kurman sauran ji gare shi,
ba a dai tambaya ba.

Tasalla da muke kwana ɗaki ɗaya
ta zarce jami'a, yau tana asibiti
tana koya wa ƙafar yaro tsayuwa.
Ɗanlami yana fassara a kotu.
Ni na ɗauko takardata cikin leda
na hau motar gida.

Na tarar da Sabitu a fadama, ya yi gemu,
yana gyaran injin ban ruwa.
Tafin hannu yake ɗora wa ƙarfen
ya san inda ciwon yake.
Na tsaya gabansa na yi masa sallama
da yaren da na biya kuɗi na koya,
tsaf, babu kuskure.
Ya dube ni, ya dubi hannuna,
ya fashe da dariya,
ya ɗora yatsa biyu a goshi.
Saniyar ta mutu tun ina aji biyu.

Daren nan ban ci tuwo ba.
Na yi latti da shekara goma sha uku.

Yanzu aji guda aka ba ni, ƙarshen gini,
inda da ake ajiye karyayyun kujeru.
Yara tara.
Lantana da ake ɗaurewa in za a tafi gona,
Habu da kakarsa ke goyo ta kawo,
ta zauna bakin taga har a tashi.
Albashi in ya zo, ya zo.

Ran Laraba Sabitu kan shigo da man inji a riga.
Ni ke koya masa haruffa,
shi ke koya mini yadda ake jira,
yadda ake taɓa kafaɗa ba a firgita yaro ba.
Sun fi binsa, na sani, ba na kishi.

Jami'i ya zo daga ƙaramar hukuma,
ya duba takardata, ya gyaɗa kai.
Ya nuna Sabitu da biro: wannan fa, ina tasa?
Na juya na fassara masa tambayar.
Ya goge hannuwansa a wando,
ya miƙa su duka biyu.